Ban Sayar da Hatsinka Ba Tukuna

Zuwa ga ɗana Almu, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ka sauka lafiya, ka sami masauki lafiya, ruwan garin kuma ya karɓe ka. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta? Innarka tana gaishe ka, ƙannenka duk suna gaishe ka. Allah Ya tsare ka inda idonmu ba ya kaiwa, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki, amin.

Na san ka riga ka zazzage ambulan ɗin nan ka leƙa cikinsa, wataƙila har ka yi wa Sale direba wani irin kallo. Ka rabu da shi, bai ci maka ko kwabo ba. Babu kuɗi a ciki. Saƙon da ka bar wa innarka ranar tafiyarka ya iso ni: wai in fitar da hatsin rumbunka duka in kai kasuwar Talata, in aiko maka da kuɗin ka sayi gado da katifa, sauran ka ba da kafin alƙalamin babur irin na kawunka Mande, tunda yanzu ka sami aiki a masaƙa, albashi zai riƙa zuwa duk wata. Ban sayar ba. Hatsinka ne, kai ka noma shi a gayaunarka damina biyu da kake zaman jiran aiki, ba ni da iko da ko zangarniya ɗaya. Amma kafin in ɗora tsani don sayarwa, akwai wani zance da nake so ka ji, kuma ka san ni ba na iya gajarta magana.

Ina saurayi, akwai wani falke da ake kira Baba Jatau, mai kai gyaɗa tashar jirgi a Ƙauran Namoda. Wata rana muna zaune a gindin tsamiya ya ce mana wai a can akwai mutanen da ake kira duk wata a zuba musu kuɗi a hannu. Duk wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ko fara ta zo ko ba ta zo ba. Amma wai kafin watan ya mutu za ka same su a rumfar mai tuwo suna lallashinta ta ba su bashi.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Baba Jatau, wanga kam ka ƙara mishi gishiri."

Ya ce, "Yaro, da idona na gani. Wani ma har da agogo a hannu."

Ban yarda ba. Ga lissafin da na yi a raina: mu manoma sau ɗaya ake biyanmu a shekara, da kaka. Abin da muka samu shi muke ja har wata kakar, mu ci, mu yi suna, mu biya haraji, mu bar iri. To ta yaya wanda ake biya kowane wata zai kasa ƙetare wata guda? Na ɗauki zancen na aje shi wuri ɗaya da tatsuniyoyin kakata. Amma abin bai bar ni ba. Duk wanda ya dawo daga birni sai in ja shi gefe in tambaye shi, shin gaskiya ne? Wani ya ce caca ce ke cinye su, wani ya ce mata, wani ya ce kuɗin Nasara ne ba su da albarka. Babu amsar da ta ƙosar da ni, domin ba zai yiwu mutanen gari guda duk su zama 'yan caca ba.

Ana nan sai aikin dam ya zo Bakolori, amsar ta biyo ni har gida. Kai lokacin kana makarantar kwana, abin da ka gani kaɗan ne, abin da aka ɓoye maka ya fi yawa. Katafila ta shiga gonakinmu na fadama ta baje kunya da iyaka, aka ce mu dakata da shuka sai an gama gyara an sake raba mana. Kamfani kuwa yana neman lebura kamar me. Ni da ban taɓa yi wa kowa aiki ba ban da mahaifina, na je na shiga layi, aka sa ni cikin masu kwaɓa siminti a hanyar ruwa. Ranar da akawu ya kira sunana ya ƙirga mini albashin farko, sai da na juya baya na sake ƙirgawa, don na zaci ya yi kuskure. Na dawo gida ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba.

Kuskurena na farko a makon albashin nan na yi shi. Ka san rufewar da ke bayan ɗakin innarka, babban rumbun nan na laka. A lokacin cike take da tsohon hatsi, domin kakanka yana da doka: ba a taɓa wannan rufewar sai sabon hatsi ya shiga ƙananan rumbuna an ga abin da shekara ta bayar. Shi ya rasu, dokar ta rage a hannuna. Na tsaya na dube ta na ce, me ya sa zan aje abinci yana tsufa alhali kuɗi na zuwa duk wata? In na so hatsi ba sai in saya ba? Na kira Alhaji Namadi mai awo, ya zo da jakuna. Innarka tana tsaye bakin madafi har jaki na ƙarshe ya fita, sannan ta ce, "Malam, shi kamfanin nan, a wane ɗaki zai kwana in ya tsufa?"

Na ce, "Mi kike nufi?"

Ta ce, "Na ga ka mai da shi ɗan gida ne, har ka ba shi gadon Baba."

Na ce mata mata ba su san zamani ba. Ka riƙe wannan, Almu: ranar da ka ji bakinka yana faɗa wa wani bai san zamani ba, ka koma ka sake duba abin da kake shirin yi.

Kuɗin hatsin nan da albashin suka haɗu a aljihu ɗaya, kuma har yau in ka tsare ni ba zan iya nuna maka inda suka shiga ba. Ban yi caca ba, ban bi mata ba, ko sigari ban taɓa sha ba. Wannan ne ya fi ba ni mamaki, shi ya sa na zauna na bi sawun abin kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Ga abin da na gano, kuma shi ne kan maganata duka.

Ka tuna yadda ake cin hatsin rumbu. Sai ka nemo tsani, ka jingina, ka hau, ka ɗaga jinka, ka zura jiki cikin zafi da ƙaiƙayi, ka jefo dami. Kana can sama idonka na ganin inda hatsin ya tsaya, ko kana so ko ba ka so. Maƙwabci na ganinka ta kan danga. Sannan mata su yi sussuka, su sheƙe, su surfa, unguwa duka na jin taɓarya. In ka hau sau biyu a kwana kaɗan, kafin la'asar wani tsoho zai tare ka ya ce, "Bube, baƙi kuka yi ne?" Kafin dami ɗaya ya zama fura ya bi ta hannu da yawa da ido da yawa, kowane kuma yana ba ka damar ka fasa. Kuɗin aljihu fa? Hannu ne kawai ya shiga ya fito. Babu tsani, babu ƙaiƙayi, babu mai ji. Ba ka ganin gindinsa sai ranar da yatsunka suka taɓa ɗinki. Ashe mu ba tattali muka fi ma'aikatan Ƙaura ba, wahalar hawa ce take tsaronmu ba mu sani ba.

Saboda haka abin da zan ce maka shi ne ka yi wa kuɗinka tsani. Ranar da aka biya ka, kafin ka zauna, kafin ka cire takalmi, ka raba su. Na abinci ka mai da shi abinci a ranar, buhu ko rabin buhu, manja, gishiri, kananzir, abin da za ka iya gani yana raguwa. Na haya ka kai wa mai gida tun bai tambaya ba. Abin da za ka aje kuma ka kai shi inda sai ka sha wahala kafin ka taɓa shi, ko asusun gidan waya, ko adashin dattawan wurin aikinku, ko ka ba Sale ya kawo a saya maka tunkiya. Inda za ka yi tafiya, ka bi layi, ka ji kunyar wani. Abin da ya rage a aljihu ka ɗauka ya riga ya tafi, domin zai tafi.

Kuskure na biyu ƙarami ne, shi ya sa ya daɗe. A bakin ƙofar kamfani akwai mai shayi, Ɗan'ige, mutumin Bakura, mai fara'a da daɗin baki. Ni da na tashi da kunu da ɗumame, sai ga ni a benci ina cewa a ƙara madara. Ranar farko da na laluba aljihu zan biya ya ce, "Haba Malam Bube, bar shi sai wata ya yi. Kai da kamfani ke biya?" Na ji daɗin maganar nan fiye da shayin. Daga shayi aka koma burodi da kifin gwangwani, daga ni kaɗai aka koma duk wanda ya zauna kusa da ni, don ba ka iya ci abokin aiki na kallo. Ranar biya kuwa Ɗan'ige ba ya hura wuta. Yana tsaye daidai tagar akawu, shi da mai tsire da mai yadi da mai sabulu, suna yi mana barka da fitowa. Kafin ka kai titi an yi maka sussuka an sheƙe.

Wata rana na tambaye shi, don ina son in sani, "Ɗan'ige, kai ba ka tsoron mu gudu da kuɗinka?"

Ya yi dariya ya ce, "Ku tahi ina? Mai biya nan take, in ya ga kuɗinsa na fita, kofi ɗaya yake sha. Mai cewa a rubuta shi ne ke shan biyu ya kira abokinsa. Ni da za ku daina biya nan take gaba ɗaya da na gina soro."

Ya kuwa gina. Yana nan a Bakura, in ka zo hutu zan nuna maka, ina da ɗaki guda a ciki ko da ba a rubuta sunana ba. Ba na jin haushinsa, sana'arsa ya yi, kuma gaskiya ya faɗa mini ban ji ba. Kai dai kada ka ci abin da ba ka biya ba. In ba ka da kuɗin shayi ranar nan, to ba ranar shayi ba ce. Innarka ta sa maka garin kunu da tsamiya a cikin kayan da Sale zai sauke maka, ka nemi risho ka koyi damawa. Ku haɗa tukunya da 'yan ɗakinku in masu amana ne, tukunyar mutum huɗu ba ta cin itacen tukunya huɗu.

Yanzu zancen babur. Ban ce babur haram ne ba. Ni ma na taɓa sayen abin da ya fi ƙarfina, rediyo ce babba mai cin kaset, ina rataye ta a kafaɗa in zaga gari ranar Juma'a. Sai bayan na kawo ta gida na gane baƙuwa na kawo mai ci. Batir take ci, kuma ba ta ƙoshi. In na kashe ta don tattali, sai samarin unguwa su taru a zaure su ce, "Baba Bube, a kunna mana mana," ni kuma in ji kunya in kunna. A watannin nan innarka tana dama fura tana aika wa lebura bakin aiki, tana zuba adashi da matan unguwa. Da ta kwashi nata ta sayi akuya. Na tsokane ta na ce, "Ke kin sayi mai kuka, ni na sayi mai waƙa."

Ta ce, "Awo, haka ne. Bari mu gani wadda za ta haihu."

Tun daga ranar, duk abin da zan saya sai in tambaye shi tambaya biyu: me kake ci, me kake haifa? Akuya na ci, amma tana haihuwa. Keken ɗinki na shan mai, amma yana kawo kuɗi. Tabarma ba ta ci ba ta haihuwa, ba ruwanta da kowa, irin wannan ba ya cutarwa. Babur yana shan fetur, yana cin taya, yana ciwo a kai shi wurin makanike, sannan ga biyan sauran kuɗinsa duk wata tun kafin ka ga albashin. Ka tambayi kanka, daga ɗakinka zuwa masaƙa tafiyar ƙafa ce ko ba ta ƙafa ba? In ta ƙafa ce, to ba kai kake bukatarsa ba, idon mutane ne, kuma idon mutane ba ya sayen fetur. Gado da katifa ma za su zo a lokacinsu. Ka kwana a tabarma tun haihuwarka, bayanka bai karkace ba.

Da aka zo biyan diyyar gonaki, wasu sun samu, wasu sun sha jira, wasu har yau suna da magana a ciki, wannan kuwa ba zancen takarda ba ne. Ni na sami ɗan abin da na samu, takarda aka ba ni na kai banki a Mafara. Ban san yadda labari yake tafiya ba, amma kafin in dawo gida na tarar da takalma a ƙofar zaure waɗanda ban taɓa gani ba. Dangi ne, na gaske da waɗanda sai an yi dogon bayani. Kowa da larurarsa, kowa kuma cewa yake rance, zuwa kaka. Na ba wannan, na ba wancan, don ban iya cewa babu alhali sun san akwai. Kaka ta zo ta wuce. Abin da ya fi ciwo ba kuɗin ba ne, mutanen ne. Wanda muke gaisawa kullum ya koma canja hanya in ya hango ni, ni kuma na koma mai lura da sabuwar hular wani. Na yi asarar kuɗin, na yi asarar gaisuwar.

Kai ma za su zo maka, ɗan garinmu duk da ya sauka Kaduna ɗakinka zai nema. Kada ka rufe ƙofa, ba haka aka haife ka ba. Amma tun ranar biya ka ware abin da za ka iya bayarwa, ka ba da shi kyauta, ka faɗa da bakinka cewa kyauta ce. Kaɗan da ka bayar ka manta ya fi mai yawa da za ka riƙa tunawa. In ya ƙare ka ce ya ƙare, ka ba mutum tuwo da wurin kwana.

Sai ranar da aiki ya ƙare. Da safe muka je kamar kullum, heluma, shugaban lebura, ya tara mu ya ce sashenmu an gama, an gode. Shi ke nan. Turawan kamfanin suka ɗaure kayansu, Ɗan'ige ya kwashe bencinsa. Gonata ta fadama ba a riga an mayar mini ba, ta tudu kuwa na yi sakaci da ita saboda aikin kamfani, abin da ta bayar bai taka kara ya karya ba. A kasuwar Talata hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, domin mutanen wajen Maradun da ruwa ya ci gonakinsu su ma awo suke yi, ga baƙin da aiki ya tara, kowa da kwano a hannu, mai sayarwa kaɗan. Na je rumfar Alhaji Namadi, mutumin da ya kwashe rufewata da jakuna, na tsuguna ina cewa a cika mini tiya. Ya gaishe ni da mutunci, har ya yi mini gyara. Na ɗebi hatsin a tafin hannu ina dubawa, ina cewa a raina ko nawa ne ya dawo yana yi mini dariya.

A daminar nan akwai ranakun da turmin gidanmu bai yi ƙara ba. A ƙauye ba a ɓoye wannan, shirun ya fi taɓarya ƙara. Innarka takan jiƙa dusa ta daka don maƙwabta su ji motsi. Abin da ya fitar da mu 'ya'yan akuyar nan ne, ɗaya bayan ɗaya, har da kuɗin motarka na komawa makaranta. Rediyon kuwa da na kai kasuwa, abin da aka taya ta bai kai kuɗin batir ɗin da ta ci ba. Innarka ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya dai, ranar da aka sayar da ɗan akuya na ƙarshe, ta ce, "Malam, taka ba ta yi ciki ba har yanzu?"

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali. Na tsallaka ne na faɗa ɗaya ramin. Tsoro ya kama ni, na zama mai ƙulle hannu. Da aka mayar mana da gonaki aka fara noman rani na ɗan farfaɗo, sai na daina kai gudummawar biki da suna, in an yi rasuwa in je da baki kawai. Ina ganin tattali nake yi. Shekarar da na kira gayyar girbin shinkafa, na sa an dama fura ƙwarya ƙwarya, mutanen da suka zo ba su cika inuwar bishiya ɗaya ba. Shinkafar ta zube a gona, tsuntsaye suka yi Sallah. Wani tsoho, Malam Jabbi, ya ce da ni a masallaci, "Bube, mun zaci kai da rumbunka kun isa." Sai na gane ashe abin da kake kaiwa gidan suna shi ma ajiya ce, a rumbun mutane. Saboda haka in abokin aikinka ya yi haihuwa ka kai abin da ya sawwaƙa, in ba shi da lafiya ka je da lemo ko da ƙwaya biyu. Tattalin da zai raba ka da mutane tsada gare shi.

To, mu dawo kan hatsinka. Na san abin da za ka ce, domin innarka ta faɗa mini ka ce ƙwari za su ci shi a banza, kuɗi kuwa ba sa ruɓewa. Hatsin da ke cikin zangarniyarsa, a dami, a rumbun da ba ya yoyo, yana shekaru bai yi kome ba, na duba naka da kaina, ƙamshinsa ma bai canja ba. Kuɗi kuwa nasu ƙwarin ba a ganinsu, abin da naira ta saya bara ba ta sayensa bana. Sannan yanzu kaka ce, kowa na kai hatsi kasuwa, Alhaji Namadi da irinsa suna zaune suna jiran masu gaggawa. Ko sayarwar za a yi, ba yanzu ba, sai bazara ta yi nisa. Babban abin kuma shi ne, kai ba ka san masaƙar nan ba tukuna, ita ma ba ta san ka ba. Ban yi mata mugun baki ba, Allah Ya sa ka tsufa a cikinta. Amma ni na ga aiki mai katafila da jirgin sama ya naɗe kamar tabarma. Muddin rumbun nan na tsaye, in wani abu ya faru kana da abincin shekara, kana da iri, za ka dawo gida da kanka a sama. Mai rumbu ko a gaban heluma tsayuwarsa daban ce.

Ga abin da na yi. Na hau na jefo dami kaɗan, an sussuka an surfa, rabin buhu ne, yana motar Sale tare da kuka da daddawa da barkono. Wannan zai kai ka albashin farko ba ka ci bashin kowa ba. Sauran na mayar da jinka na ɗaure. Ka karɓi albashi, ka zauna da shi, ka ga ƙarshen wata da idonka, ka sake ganin wani. In bayan haka ka aiko ka ce Baba a sayar, wallahi ranar Talatar da ta biyo zan kira jakuna, ba zan ƙara ko kalma ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka rubuto mini yadda ƙarshen watan yake a Kaduna, ranar da kuɗin suka fara sauƙi a aljihu da abin da ya cinye su. Har yanzu ina son sanin ko ko'ina haka abin yake, ko akwai garin da aka gano maganinsa.

Zancen Baba Jatau kuwa, na ji shi daga bakuna da yawa tun daga gindin tsamiyar nan, har ni ma na zama mai ba da shi. Amma na ƙarshe da ya faɗa mini, ranar Juma'ar da ta wuce ne bayan an sauko. Wani ma'aikaci ne mai albashi mai kyau, wanda yara ke bi da kallo in ya wuce. Ya zauna a zaure muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya sake tambayar gida. Na gane akwai magana, na bar shi. Can ya ce, "Yaya, ko akwai dami ɗaya da za ka ba ni, zuwa wata ya yi?"

Na ce, "Kai da gwamnati ke biya? Mu talakawa mu ne za mu zo gare ka."

Ya ce, "Bar tsokana, Yaya. Wallahi tun tsakiyar wata nake juya aljihu. Kuɗin wata ba ya kai wata, duk wanda ya ce maka yana kaiwa, yana da gona a ɓoye."

Na hau rumbuna na jefo masa, ba naka ba. Yana ɗaurewa innarka ta fito ta ba shi labarin saƙonka. Ya saki igiyar ya dube ni ya ce, "Don Allah kada ka sayar mishi. Ka ce kasuwa ta faɗi, ka ce tsani ya karye, ka ce kome. Amma kada ka ce ni na faɗa, yaron yana ganin girmana." Na ce masa ƙarya dai ba zan yi maka ba, sunansa kuma ban yi alkawari ba, domin girman da ake gani saboda gaskiya ya fi daɗewa.

Allah Ya tsare ka daga sharrin injin da sharrin hanya, Ya kiyaye ka daga bashi da abokin banza. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka gaida mai gidan da kake haya, ka gaida duk ɗan Mafara da ka gani. Allah Ya sa albarka a cikin abin da za ka samu, kaɗan ko mai yawa, Ya dawo mana da kai lafiya, amin summa amin.

Ni ne mahaifinka,
Bube.

Mutumin ranar Juma'a, kawunka Mande ne. Da ƙafa ya zo.